Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Da Tsohon Faifan Windows: Laifin Faifai Ne Ko Na Na'ura?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da taki da iri da maganin feshi a wata kasuwar ƙauye. Ya ce shekara da shekaru ke nan yana rubuta lissafin shagonsa, har da sunayen manoman da suka ɗauki taki bashi sai kaka, a cikin wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. Da ta fara ba shi wahala sai ya sayo wata ta hannu wadda ba ta kai ta tsufa ba. To manhajar da yake yin lissafin da ita a kan XP ya saba amfani da ita, don haka ya ɗauko faifansa na XP ya zura wa sabuwar, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da shi. Yaron da ke yi masa gyara ya ce faifan ne ya mutu, wani abokinsa kuma ya ce cutarsa aka yi wajen sayen na'urar. Shi ne yake so mu raba masa gardama.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Mai yiwuwa ne faifanka lafiyarsa lau, kwamfutar ma lafiyarta lau, zamani ne kurum ya raba su. Kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Windows XP ne a watan Oktoba na 2001, kwamfutar da ka sayo kuwa ta yiwu an ƙera ta bayan nan da shekara goma ko goma sha biyar. Ka dai san a 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira da kwabo. Wanda ya tono takardun fam daga tukunya ya kai kasuwa yau, ai ba jabu ya kawo ba, amma ba mai auna masa ko mudun gero da su. To kusan haka lamarin tsohon faifai yake da sabuwar na'ura. Sai dai akwai wasu ƙananan dalilai da ba ruwansu da zamani, kuma su ya kamata a fara dubawa tun da ba su cin ko sisi.

Amma kafin mu kai nan, ga maganar da ta fi duk sauran nauyi, kai da duk mai karatun da ke cikin irin wannan hali. Lissafinka ba ya cikin faifan nan. Yana cikin rumbun ajiyar tsohuwar kwamfutar, wato abin nan da masu gyara ke kira had-dis. Faifan Windows aikinsa shi ne gina sabon gida a cikin rumbun, kuma idan aka ce masa ya share fili kafin ya yi gini, to zai share, ba ya tambayar ko akwai sunayen masu bashi a ciki. Wannan sharewa ita ce masu gyara ke cewa fomat. Saboda haka tun tsohuwar tana ɗan numfashi, ka kwafe takardun lissafin a filash, ka kwafe a na biyu, in da hali ka buga jerin masu bashin a takarda ka adana. Kada ka sayar da ita, kada ka ba yara su yi wasa da ita, kada kuma ka bari kowa ya zura mata faifai da sunan gyara sai ka ga kwafin da idonka ya buɗe a wata na'urar. A nan sai mu ƙara jan kunne game da faifan da kamfanoni irin su HP da Dell da Toshiba suka riƙa haɗowa da na'urorinsu, mai rubutun Recovery a jikinsa. Shi wannan galibi mayar da kwamfuta yake yi kamar ranar da ta fito daga masana'anta, wato ya kwashe komi, kuma sau da yawa ba ya yarda ya yi aiki a na'urar wani kamfani.

Yanzu bari mu ga yadda kwamfuta ke tashi, don in ka gane wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Idan ka danna maɓallin kunnawa, ba Windows ce ke fara farkawa ba. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da aka dasa a jikin allon na'urar tun daga masana'anta, sunanta BIOS, kuma tun kwamfutar IBM ta 1981 ake tafe da wannan tsari. Ka ɗauke ta kamar mai gadin kasuwa da ke riga kowa zuwa da asuba. Zai zagaya ya ga ko komi na nan, sannan ya ɗauko takardarsa ya bi ƙofa ƙofa yana neman wanda zai miƙa wa mabuɗi. A takardar an jera masa: fara da rumbun ajiya, in ba ka samu ba ka je mazubin faifai, in ba ka samu ba ka duba filash. Duk wanda ya fara amsawa shi zai karɓi ragama. To in rumbun ajiya ne a sahun farko, kuma akwai wata Windows a cikinsa, mai gadi ba zai ko kalli faifanka ba. Wannan shi ne dalilin da ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙin magani.

Maganin shi ne ka sa faifan a ciki, ka kashe na'urar, ka sake kunnawa, da zarar tambarin kamfani ya bayyana sai ka yi ta danna maɓallin da ke buɗe jerin zaɓi, kana dannawa kana sakewa. A Dell da Lenovo da Toshiba da Acer galibi F12 ne. A HP F9 ne, ko ka fara danna Esc sannan F9. A kwamfutocin cinya na Asus, Esc ne. Jerin zai fito, sai ka gangara da kibiya zuwa inda aka rubuta CD ko DVD ka danna Enter. In kuwa ainihin takardar mai gadin kake son canzawa, to ɗakin BIOS za ka shiga: F2 a Dell da Acer, F10 a HP, F1 a Lenovo ThinkPad, a manyan kwamfutocin tebur da yawa kuma Delete. Can za ka nemi wurin da aka rubuta Boot, ka ɗaga faifai zuwa sama, ka adana ka fita. Idan na'urar tana da Windows 8 ko 10 ko 11 kuma tana wucewa da sauri ba ka samun damar dannawa, to ka bari ta buɗe, ka danne Shift ka riƙe, sannan ka zaɓi Restart. Za ta kai ka wani shuɗin allo inda za ka iya zaɓar abin da kake so ta tashi da shi.

Akwai kuma wani ɗan tarko da ke kama mutane da dama. Idan faifan ya fara juyawa, wani rubutu na fitowa a saman baƙin allo da Turanci, "Press any key to boot from CD", ma'ana ka danna kowane maɓalli in kana son a tashi da faifai. Daƙiƙa kaɗan yake yi. In ka juya kana ba mai sayayya canji, ya wuce, na'ura ta koma kan rumbunta, kai kuma ka ce faifai ya mutu. In kuwa kana dannawa amma ba ta ji, to ta yiwu a wannan mataki ba ta gane allon madannai mai kan USB ba. A kwamfutar tebur sai a nemo tsohon allon madannai mai zagayen baki, wanda raminsa ke da launin shunayya, a gwada da shi. Sannan ka riƙe wannan: sau ɗaya ake amsa wannan kira. In an fara girkawa na'urar ta kashe kanta ta tashi, rubutun zai sake fitowa, kada ka taɓa komi, in ba haka ba ka mayar da aiki farko.

To idan ka zaɓi faifai da hannunka amma duk da haka shiru, sai a juya kan faifan da mazubinsa. Gwaji ɗaya ne zai raba gardamar yaronka da abokinka: ka kai faifan wata tsohuwar kwamfuta, ko da taka ta da ce, ka ga ko rubutun nan na "Press any key" zai fito. In ya fito, kada ka danna komi, ka cire faifanka, ka tabbata yana da rai. In bai fito ba, ka ɗaga shi a haske ka duba ƙarce da tabon yatsa. Ana goge faifai da tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya a miƙe zuwa baki, ba a zagaye ba, don ƙarcen da ya bi zagaye shi ne ke cinye rubutu mai yawa a jere. Faifan da ya sha rana a gaban mota ko a kan kanta har ya ɗan lanƙwashe kuwa, sai haƙuri.

Mazubin faifan ma yana tsufa, musamman a inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. A cikinsa akwai wani ɗan ido na gilashi da ke karanta faifai da haske, in ƙura ta rufe shi sai ka ji faifai na juyawa yana tsayawa, yana juyawa yana tsayawa. Abin mamaki, mazubi ɗaya na iya karanta DVD ya kasa karanta CD, ko akasin haka, domin kowanne da irin hasken da ake karanta shi. Kuma ka lura, XP a kan CD take zuwa, mai ɗaukar megabayit 700, amma Windows 7 a kan DVD take, mai ɗaukar gigabayit 4.7. Mazubin da aka rubuta CD kaɗai a goshinsa ba zai taɓa karanta DVD ba ko da sabo ne fil.

Idan faifan kwafi ne da aka yi maka a shago, to akwai wata tambayar: ta wace hanya aka kwafa? Faifan da ke tayar da kwamfuta yana da wani ɓoyayyen sashe wanda mai gadin nan ke nema, kuma ba ya cikin takardun da ido ke gani. An tsara wannan ƙa'ida ne a 1995, aikin injiniyoyin kamfanonin Phoenix da IBM, suka sa mata suna El Torito, sunan wani gidan cin abinci a jihar Kalifoniya. Wanda ya buɗe faifan asali ya kwashe takardun ciki ya zuba a sabon faifai, ya bar wannan sashe a baya, kwafinsa ba zai tashi ba har abada. Haka nan in ka buɗe faifan a wata na'ura ka ga takarda ƙwaya ɗaya tak mai sunan da ya ƙare da iso, to mai kwafin ya zuba maka buhu ne a ɗaure. Sai a sake yi da zaɓin da ake kira Burn image, kuma a hankali, ba da gudu ba.

To Malam, mu ce duk wannan ka duba, faifai na da rai, mazubi na karatu. Yanzu muka zo kan ainihin inda muke zaton matsalarka take. Tsohon mai gadin nan BIOS an yi masa ritaya. Wanda ya gaje shi sunansa UEFI, kuma ya bazu sosai ne daga 2012, shekarar da Windows 8 ta fito. Daga lokacin Microsoft ya sa wa masu ƙera na'urori sharaɗin cewa duk kwamfutar da za ta fito da tambarin Windows 8 sai ta zo da wani kulle a kunne, mai suna Secure Boot. Aikin kullen shi ne, ba a miƙa mabuɗi ga kowace manhaja sai wadda ta zo da hatimin da aka sani. An yi haka ne don maganin miyagun manhajoji da ke laɓewa su riga Windows tashi, kuma dabara ce mai kyau. Amma faifan XP an buga shi tun kafin a san da wannan hatimi, kuma yaren BIOS kaɗai yake ji. Shi ya sa a irin waɗannan na'urori wani lokaci ko a jerin zaɓi ba za ka ga faifan ba, kamar ba ka sa komi ba.

Na'urori da yawa na tsakanin 2012 da wajen 2019 an bar musu ƙofar baya. In ka shiga ɗakin saituna za ka ga Secure Boot, sai ka mayar da shi Disabled. Sannan ka nemi inda aka rubuta Legacy ko CSM ka kunna shi. Wannan shi ke sa sabon mai gadi ya yi magana da yaren tsohon. A wasu kwamfutocin Acer ba za ka iya taɓa Secure Boot ba sai ka fara sa lambar sirri ta mai gida, wadda suka rubuta Supervisor Password. In ka sa, ka rubuta ta a littafinka nan take, don manta ta babbar wahala ce. Amma kamfanin Intel ya sanar cewa daga 2020 zai daina tallafa wa wannan ƙofar baya, kuma sababbin na'urori da yawa yanzu ba su da ita sam. In ka bincika ko'ina babu Legacy babu CSM, to kada ka ɓata kuɗinka wurin mai gyara, faifan XP ba zai tashi a wannan na'ura kai tsaye ba.

A nan ma akwai jan kunne guda biyu. Na ɗaya, kafin ka canza komi a ɗakin saituna, ka ɗauki hoton allon da wayarka, don ka san yadda za ka mayar. Windows ɗin da aka girka a tsarin UEFI ba za ta tashi ba in ka bar na'urar a Legacy zalla, sai ka mayar. Na biyu ya fi haɗari. Wasu kwamfutocin masu Windows 10 ko 11 rumbunsu a kulle yake da wani tsari mai suna BitLocker, sau da yawa mai na'urar ma bai sani ba. In ka taɓa Secure Boot, tana iya tsayawa ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48. Wanda ya sayi na'urar hannu galibi ba shi da ita, tana wurin mai ita na farko. In babu komi naka a ciki, ba asara. In kuwa ka riga ka fara zuba lissafi a ciki, ka kwashe shi tukuna.

Sai mataki na gaba, wanda ya fi ba masu gyara ciwon kai. Faifai ya tashi, shuɗin allon XP ya fito, yana ta loda abubuwa a ƙasa, kana murna, sai kwatsam ya tsaya da dogon rubutu da wata lamba mai ƙarewa da 7B. Ko kuma ya ce maka bai ga wani rumbun ajiya a na'urar ba, alhali kuwa ga shi nan a ciki. Dalili shi ne, lokacin da aka buga XP, rumbuna da wata faffaɗar igiya mai ramuka 40 ake haɗa su, ana kiranta IDE. Daga baya aka koma siririyar igiya mai suna SATA, da sabuwar hanyar magana mai suna AHCI. Kowane sashe na kwamfuta yana bukatar tafinta tsakaninsa da Windows, shi ne masu gyara ke kira direba, kuma faifan XP bai zo da tafintan AHCI ba. Mafita mafi sauƙi ita ce a koma ɗakin saituna a nemi SATA, a sauya shi daga AHCI zuwa IDE. Dell suna rubuta ATA, Lenovo kuma Compatibility, duk abu ɗaya ne. A da akwai wata hanya, in faifan ya fara lodi a danna F6 a ba shi tafintan daga ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ake kira fulofi, to amma yau ina za ka samo shi? Gwanayen masu gyara sukan haɗa sabon faifai su cusa tafintan a ciki da wata manhaja mai suna nLite. Ka sani dai, in ka sauya SATA ɗin nan, Windows ɗin da ke cikin na'urar a da ita ma za ta yi shuɗin allo, har sai an mayar da shi yadda yake.

Girman rumbu ma magana ce. Faifan XP na farkon fitowa, wanda ba a rubuta Service Pack a jikinsa ba, ba ya ganin abin da ya wuce gigabayit 137 komi girman rumbun. Kuma rumbun sababbin na'urori an yanka shi ne da wani tsari mai suna GPT, wanda XP ta gama-gari ba ta iya karantawa. Kafin ta zauna sai an rushe yankan an sake, wato dai fomat, komi ya tafi.

Masu faifan Windows 7 su ma ba su tsira ba, ko da yake nasu ya fi sauƙi. Ita ta fito ne a watan Oktoba na 2009, ba ta kuma zo da tafintan USB 3 ba, wato ramukan nan da galibi cikinsu shuɗi ne. A na'urorin da ke da injin Intel na ƙarni na shida, wanda ya fito a 2015, da na bayansa, sai ka ga allon zaɓen harshe ya fito amma linzami da allon madannai na USB sun daskare, ko kuma ta ce tana neman direban CD ko DVD, alhali ba nan ciwon yake ba. In na'urar ta girmi 2015 tana kuma da baƙin rami, ka mayar da abin da ka soka can. In ba ta da shi, sai mai gyara ya cusa tafintan a cikin kwafin.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da za mu ambata a gurguje. In ka gyara saituna yau, gobe ka tarar sun koma yadda suke, agogon na'urar kuma ya koma wata tsohuwar shekara, to ɗan batirin da ke jikin allo ne ya mutu. Kamar kwabo yake, an rubuta CR2032 a bayansa, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. In girkawa na tsayawa a wurare daban daban kowane gwaji, a zargi ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, a cire ta a goge bakinta a mayar. In kuwa ka kunna na'ura ko tambarin kamfani bai fito ba, sai ƙara take yi ɗiɗ ɗiɗ, to wannan ba maganar faifai ba ce sam, na'urar ce ke da ciwo. Sannan kada ka fara girka Windows da janareton da mansa ya kusa ƙarewa. Aikin na iya cin awa guda, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko.

To yanzu Malam, ka ba mu dama mu faɗa maka ra'ayinmu. Ko da ka yi nasarar cusa XP a sabuwar na'urar, ba lallai ka ji daɗinta ba, don kamfanoni sun daina yi mata tafintoci. Kana iya samun allo ya buɗe amma babu sauti, babu intanet, hoto kuma ya yi ɓaro ɓaro. Bayan haka Microsoft ya daina toshe ɓarakar XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014, ta Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu, 2020. Ita kanta Windows 10 wa'adinta na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Abin da hakan ke nufi shi ne, in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa a XP, ba mai zuwa ya liƙe ta. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan kafa ta shiga kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kimanin 150, ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Na'urar da ke riƙe da sunayen masu bashinka, in XP ce a kanta, kada ta kusanci intanet, kada kuma a yi harkar banki da ita, kuma ba kowane filash za a riƙa soka mata ba.

Abin da muke ganin ya fi maka shi ne ka fara gwada manhajar lissafin taka a kan Windows ɗin da ke cikin sabuwar na'urar. Da yawa daga manhajojin zamanin XP suna aiki in aka danna musu linzamin dama, aka shiga Properties, sannan Compatibility, aka zaɓi Windows XP. Waɗanda ba sa yarda sam su ne tsofaffin gaske na zamanin DOS da Windows 3.1, don Windows mai lamba 64 ba ta ɗaukarsu. In wannan bai yi ba, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna VirtualBox, ta kamfanin Oracle. Ita tana ƙirƙirar kwamfutar wasa ce a cikin ta gaske, kamar mutum ya kafa rumfa a tsakar gidansa. Wannan rumfa tana kwaikwayon tsohuwar na'ura da tsohon mai gadinta da tsohuwar igiyarta, don haka faifanka na XP zai tashi a cikinta ba tare da an taɓa Secure Boot ko an share komi ba. Za ka bukaci lambar nan mai haruffa 25 da ta zo da faifan, kuma na'urar ta kasance da ram aƙalla gigabayit 4 don kada ta riƙa jan ƙafa. Duk mai gyaran da ya san aikinsa zai iya haɗa maka wannan a zama ɗaya.

In kuma tsohuwar kwamfutar ta riga ta mutu kafin ka kwafe lissafin, kada hankalinka ya tashi tukuna. Sau da yawa abin da ke mutuwa shi ne gidan wuta ko allon na'urar, rumbun kuwa yana nan da ransa. Mai gyara zai kwance shi, ya duba ko mai faffaɗar igiya ne ko siririya, ya sa shi a wani ɗan akwati ko mahaɗi mai kan USB, ya soka a sabuwar na'urar, takardunka su fito kamar daga filash. Ka tsaya a kansa lokacin da yake yi. In Windows ta fito da wani saƙo tana tambaya ko a yi wa rumbun fomat kafin a yi amfani da shi, amsar ita ce a'a. In kuma kuka ji rumbun yana ƙara ƙas ƙas kamar agogo, ku zare shi nan da nan ku daina gwadawa, don kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi, sai a kai shi wurin masu ceto takardu a birni.